"Hajiya, ke ce mai yaron?": muhawarar 'yan guruf kan almajirin da ya taka ƙusa

Maman Biyu (Birnin Kebbi):
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri yau rubutuna zai yi tsawo, abin ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya ko barcin kirki ban yi ba. Akwai wani almajiri da ke zuwa gidana kullum bayan magariba da 'yar robarsa shuɗiya, a ido bai fi shekara tara ba, Hausarsa ma ba ta nuna ba sai Zabarmanci, daga wajen Gaya aka kawo shi can cikin Nijar. Kwana uku ban gan shi ba har tuwon da nake ajiye masa ya riƙa kwana, sai na tambayi abokan bararsa suka ce ai yana kwance. Na zura hijabi na bi su. Wallahi a wani kango na same shi kan buhun siminti, jikinsa zafi rau, ƙafar hagu ta kumbura suntum har ƙauri, ashe ƙusa ya taka a bola kusan sati guda, 'yan uwansa yara suka zuba masa toka suka ɗaure da tsumma. Malaminsu ya tafi ƙauye yankan shinkafa ya bar su hannun gardi, shi kansa gardin bai wuce sha bakwai ba.

Na sa shi a keke napep muka tafi asibiti, ba zan faɗi wanne ba don ba tonon asiri na zo yi ba kuma ma'aikatan sun yi ƙoƙarinsu. Amma tun daga wajen yankan kati aka fara: sunan ubansa? shekararsa nawa? an taɓa yi masa rigakafi? wa zai sa hannu idan za a tsaga ƙafar? wa zai kwana da shi? Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Wata nas ta dube ni ta ce Hajiya ke ce mai yaron? Na yi shiru, don in na ce eh na yi ƙarya, in na ce a'a ban san yadda za ta kaya ba. Shi kuwa yana riƙe da bakin hijabina ya ƙi saki. Tambayata gare ku, da ban bi sawunsa ba fa? Yaran nan da ba su da kowa a garin nan, in ciwo ya kama su ina suke zuwa?

Ummu Sadiq:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya saka miki da Aljanna yar uwa, wlh har na yi kwalla

Nas Mai Dare:
Anti sannu da ƙoƙari. Abu na farko don Allah ki tabbatar an yi masa allurar tetanus, ba ta rigakafin kaɗai ba har da wadda ake yi wa mai rauni mai datti, tunda ba mu san ko an taɓa yi masa rigakafi yana jariri ba. Ƙusa a bola ga toka a kai, wannan ita ce hanyar ciwon sarƙe haƙora, kuma yana iya ɗaukar kwana 3 har zuwa sati 3 kafin ya bayyana. In kika ga ya kasa buɗe baki ko wuyansa da bayansa suna sandarewa ki kira ma'aikata a take.

Tambayar da aka yi miki kuma ni ma na sha yin ta, ba don mugunta ba. Asibitinmu gaba ɗaya an gina shi ne a kan cewa kowane mara lafiya yana da mai jinya. Mai jinya ne ke zuwa sayo magani, shi ke kai jini ɗakin gwaji, shi ke kawo abinci, shi ke wanke kayan da aka ɓata, shi ke zuwa ya tashe mu in ƙarin ruwa ya ƙare. Nas ɗaya ko biyu a ɗaki cike da dare ba za su iya wannan ba. To yaron da ba shi da mai jinya ko magani kyauta ne ya riga ya shiga matsala.

Ɗan Jega:
Ni fa gaskiya zan fada ko za a ji haushi. Uban da ya haifi yaro dan shekara tara ya tsallako da shi wata kasa ya ajiye ya juya, shi ya kamata a kama. Mu nan namu yaran ma asibitin bai ishe su ba, matata ta kwana a kasa da yarinyarmu saboda babu gado, sannan a ce mu dauki nauyin na Nijar? A tattara su a mayar wa iyayensu kawai, kowa ya rike abin da ya haifa

Baba Direba (Kamba):
Ɗan Jega ɗana, ni shekarata ashirin da wani abu ina jan mota tsakanin Kamba da Birnin Kebbi, bari in hwaɗa maka abin da idona ya gani. Lokacin korona a 2020 gwamnonin Arewa sunka kwashe almajirai a motoci anka maida kowa jiharsu, kafin damina ta ƙare da yawa sun dawo, wasu ni da kaina na ɗauko su. Da anka yi juyin mulki a Nijar a 2023 anka ruhe boda, shin yaran sun daina zuwa? Ta daji sunka riƙa biyowa, wasu a mashin wasu a kwalekwale, abin da ya ƙaru kawai wahala. Ka tahi Dole Kaina ka gani, gari guda na, dangi guda, wani gida Najeriya wani gida Nijar. Kuma sauro da sanƙarau ba su tambayar katin ɗan ƙasa. In ciwo ya kama yaron Gaya a zaure, ɗanka da ke wasa ƙohwar zauren bai tsira ba.

Ɗan Jega:
Baba na ji, Allah ya kara girma. Amma ai ba hujja ba ce a ce tunda suna dawowa sai a kyale iyayen

Nas Mai Dare:
Ba wanda ya ce a ƙyale su yayana, amma kafin a kamo uban a Gaya ƙafar yaron ta ruɓe. Bari in nuna muku wani giɓi da mutane ba su lura da shi ba. Kusan duk taimakon lafiyar yara da ake yi kyauta na yaran da ba su kai shekara biyar ba ne. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida da damina, daga wata 3 ne zuwa wata 59. Rigakafin maleriya da aka fara a Disambar 2024, wanda jiharmu da Bayelsa ne aka fara da su, na jarirai ne. Awon tamowa da ake yi da ɗan tef ɗin nan a damtse, wanda in ya nuna ja wato ƙasa da santimita 11.5 a ba yaro abincin gyaɗar nan na leda, shi ma daga wata 6 ne zuwa 59. Ba laifi ba ne, ƙananan su suka fi mutuwa. Amma almajiri shekara shida zuwa sha biyar yake, ya wuce layin jarirai bai kai ya nemi na kansa ba.

Kuma ku tuna binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a maleriya a duk ƙasar nan, kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada. Sauron da ke cizon waɗancan shi ke kwana a kan waɗannan, su da ba ko ƙofa a inda suke kwana. Gidan sauro in an zo rabo da katin gida ake bayarwa, ana tambayar maigida mutum nawa gare ka. Yaron da ke kwana a kango wane maigida ne zai ƙirga shi?

Alaramma Mai Allo:
Assalamu alaikum. Ɗana ne ya karanta mini abin da kuka rubuta ya ce in yi magana, shi ka rubuta mini. Ni ina da almajirai sun fi arba'in, kuma ban zo in wanke kowa ba, malamin da ya tahi gona ya bar yaro da ciwo bai kyauta ba, amana ce anka ba shi kuma Allah zai tambaye shi. Amma ku san yadda abin yake. Uba shina kawo ɗa da allo da riga biyu, wani ko sisi bai bari, wani sai shekara ta zagayo ba ka ji ɗuriyarshi ba. Ni ba albashi gare ni ba. In yaro ya yi zazzaɓi in ba shi rubutu in sai mishi na kemis da abin da ke aljihuna, in ya hi ƙarhina in kai shi asibiti a ce in kawo kuɗɗin da ban taɓa riƙewa ba.

Bazarar 2025 da sanƙarau ya shigo wajen Gwandu da Aliero da Jega, ban rasa kowa ba alhamdu lillahi, amma shekarun baya na rasa yaro guda. Da sahe ya ce kaina, da azahar wuya ya ƙage, kahin asuba ya cika. Ni na wanke shi da hannuna. Ubanshi sai bayan kwana tara labari ya kai mishi. Har yau in zahi ya shigo na ga yara sun cunkushe a zaure guda gabana faɗuwa yakai, amma ina zan kai su?

Ummu Sadiq:
Allah ya jikansa Malam, ya sa mai ceto ne

Ɗan Jega:
Allah gafarta Malam ba raini ba, amma me ya sa za ka karbi arba'in alhali dakinka na goma ne? Nan fa matsalar take

Alaramma Mai Allo:
Tambayarka gaskiya ta. Da can ina jin kunyar maida uba da ɗanshi, a ce malam ya ƙi karatun Alƙur'ani. Yanzu shekara biyu ke nan ban karɓar wanda bai kai shekara goma ba, kuma sai uba ya bar lambar waya. Amma waɗanda ke zuwa yanzu da yawa ba uba ka kawo su ba, kaka ce ko maƙwabci, an kashe uban.

'Yar Anka:
Wannan maganar ta ƙarshe ta Malam ita nake jira a taɓo. Ni daga Zamfara muka taso, yau shekara huɗu muna nan. Jama'a ba duk yaron da kuka gani da roba ba ne almajiri. Da yawa 'yan gudun hijira ne, daga wajenmu ko daga Danko Wasagu da Sakaba nan cikin jiharku, ɓarayin daji sun tashi garinsu, an rabu a guje cikin dare, wani ya biyo motar itace wani ya biyo mutanen da bai sani ba. Almajiri ko ba komai yana da malam da za a ce yaron wane ne. Waɗannan ko wannan babu, tasha da bakin kasuwa ne gidansu.

Akwai wanda muka riƙe wata biyar, ɗan wajen shekara takwas. Lafiyarsa ƙalau a ido, amma in mashin ya wuce da dare sai ya zabura ya shige ƙarƙashin gado yana rawar jiki, ga fitsarin kwance kullum, kuma ya yi wata biyu bai haɗa kalma uku ba. Maƙwabta suka ce iska ce a kai shi a yi masa turare. Ba iska ba ce wallahi, a gabansa aka harbe babansa. Wannan ciwon wane kemis ke sayar da maganinsa? Ni abin da na iya kawai in zauna kusa da shi in riƙe hannunsa har ya koma barci.

Sannan kuna ta maganar maza kun manta 'yan mata. Yarinya 'yar sha biyu tana aikatau ko talla ba uwa kusa, ta fara al'ada ba wanda zai gaya mata mene ne, wani ƙato ya lalata ta ba wanda za ta faɗa wa, sai ciki ya fito a kore ta daga gidan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don Allah matan guruf ɗin nan mu sa ido.

Maman Biyu:
Yaya kin sa jikina ya yi sanyi. Ina yaron yake yanzu?

'Yar Anka:
Gwaggonsa ta gano shi ta hanyar wani mai kai kaya Gummi, ta zo ta tafi da shi. Ranar mun sha kuka ni da ita. Wani abin kuma da ke damuna shi ne yaran da ke tafiya wajen haƙar zinari su kaɗai neman na abinci. Mu mun ga gubar dalma a 2010 a Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka kwashe ƙasar gidaje a su Bagega. Waɗancan a gaban iyayensu ma ke nan. To wanda ke daka dutse ba uwa ba uba in ya fara jijjiga wa zai ce a gwada jininsa?

Mai Kemis (Argungu):
Bari ni ma in faɗi nawa laifin tunda gaskiya ake. Yaran nan mu ne asibitinsu. Yaro zai zo da canjin da ya samu ya ce a ba ni na zazzaɓi, kuɗin bai kai na maganin maleriya cikakke na kwana uku ba, sai a ɓalle masa farasitamol biyu ya tafi. Na yi hakan ba sau ɗaya ba, zazzaɓin ya lafa ciwon yana nan. Yanzu na ajiye wani gwangwani, kwastoma in ya bar canji in jefa, da shi nake cika musu.

Abin da na fi gani a nan uku ne: ƙazwa, makero a kai, da tsargiya. Tsargiyar nan har wasu yaran sun ɗauka alamar girma ce namiji ya yi fitsarin jini, alhali tsutsa ce da ke shiga fata in suna wanka a gulbi da fadamun shinkafa, kuma tana cin mafitsara a hankali. Maganinta praziquantel sha ɗaya ne gwargwadon tsawon yaro ko nauyinsa, ana raba shi kyauta amma galibi ta makarantun boko ake bi, wanda ba ya cikin rajista sai ya tashi a tutar babu. Ƙazwa kuma Malam don Allah a lura, in ka shafa wa yaro ɗaya magani ka bar sauran aikin banza ne, rana ɗaya ake yi wa kowa, a wanke kaya da ruwan zafi a shanya tabarmi a rana.

Ɗalibar Lauya:
Salam. Anti Maman Biyu ina so ki san doka tana bayanki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Ba ta ce sai ɗan Najeriya ba, ba ta ce sai da uba ba. Dokar ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma ta nan ake yi wa marasa ƙarfi rajistar inshora, a jiharmu hukumar KECHEMA ke yi, a Zamfara ZAMCHEMA. Ga Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, ga hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa a 2023. A takarda ba abin da aka rage.

Inda gizo ke saƙar shi ne rajista. Da na raka wata maƙwabciyarmu lambar NIN aka fara tambaya, yaro kuma ba ya samun NIN sai da babba da zai tsaya masa, ga takardar haihuwa. Kun ga mun sake dawowa kan tambayar nas ɗin nan, wa ke da yaron.

Ɗan Jega:
To kun gani, duk hanyar da aka bi kan uba take karewa. Abin da nake fada ke nan tun dazu amma an mai da ni mara tausayi

'Yar Anka:
Wanda uban ke kabari fa ƙanena? Wa za a kamo?

Admin:
Jama'a a sassauta don Allah, kowa alheri yake nufi. Ɗan Jega yana da gaskiya kan masu rai da suka yi sakaci, Yaya 'Yar Anka tana da gaskiya kan marayu. Mu koma kan abin da za mu iya a unguwanninmu.

Hajiya Inna:
'Ya'yana ni tsohuwa ce ban iya dogon rubutu ba. Da muna yara kowane almajiri yana da uwar ɗaki. Gidanmu akwai wanda ya yi shekara bakwai, shi ke mana aike, in ya yi ciwo mahaifiyarmu ke dafa masa ruwan zafi ta gasa masa jiki, ranar sallah da shi ake ɗinki, har aurensa mun je. Ba gwamnati ta sa ba. Yanzu mun ja get mun rufe, sai dai a miƙa ɗumame ta ƙasan ƙofa ba a ko san sunan yaro ba. Ke Maman Biyu da suka tambaye ki ai da kin ce ni ce uwar ɗakinsa, ba ki yi ƙarya ba.

Maman Biyu:
Wallahi Inna kalmar ce ba ta zo mini ba a lokacin. Kuma kin faɗi gaskiya, wata takwas yana cin tuwona sai a asibiti na san cikakken sunansa.

Nas Mai Dare:
To ga shawara mai sauƙi. Malam, a samu littafi guda a kowace tsangaya: sunan yaro, sunan uba, garinsu, lambar wani nasa, da gidan da yake kai roba. In ciwo ya zo an san wa za a kira. Na biyu a koya wa gardawa alamomin da ba a jira da su: wuya ya ƙage da zazzaɓi, jijjiga, amai da gudawa ba tsayawa, kasa haɗiye abu da kumburin wuya irin na mashaƙo, tarin da ya wuce sati biyu, da gyambon cikin baki mai wari da kumburin kunci. Wannan na ƙarshen shi ne ciwon da ake kira noma, mai cin fuska cikin 'yan kwanaki, akwai asibitinsa musamman a Sakkwato, amma in an tare shi da wuri ba ya kai can. Tarin fuka gwajinsa da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitin gwamnati. Gudawa kuma kafin a isa asibiti, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan.

Zan yi wa shugabar asibitinmu magana ko za a sa tsangayu cikin fitar da muke yi unguwanni, ban yi alkawari ba don ba ni ke yanke hukunci ba, amma in mai unguwa ya rubuto takarda abin ya fi sauri.

Alaramma Mai Allo:
Littahi ba wuya, gobe in sha Allahu a fara da nawa. Zan kuma yi ma malamai huɗu da ke kusa da ni magana bayan Juma'a. Amma ku zo da kanku ku yi musu bayani, kuma ku biyo ta hannun mai unguwa da liman, in anka ga baƙi da takarda da biro wasu za su zaci kwashe yaran za a yi su ɓoye su.

Ɗan Jega:
Ni dai ina nan kan bakana a kan iyaye, kuma a littafin nan a rubuta ranar da uba ya zo duba dansa na karshe. Amma Hajiya turo min lambar asusunki ta inbox in sa wani abu a kudin maganin

Baba Direba (Kamba):
Hajiya tambayi yaron sunan ƙauyensu da sunan da aka hi sanin ubanshi da shi, ki turo min. Ina da abokai masu shiga Gaya kullum, in Allah ya so saƙo ya kai kahin jibi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yanzu na dawo daga wajensa. An tsaga ƙafar an fitar da ruwa mai yawa, an yi masa alluran da Nas ta ce, zazzaɓin ya sauka har ya sha kunu rabin kofi, gwajin jini kuma ya nuna akwai maleriya an fara masa magani. Likita ya ce zai ƙara aƙalla kwana huɗu. Baba na karɓi sunan ƙauyen zan turo maka yanzu. Matsalar da ta rage ita ce kwana, ɗakin maza ne kuma ina da goyo, maigida ya kwana biyu a can gobe yana da aiki, gardin kuma in ya zo sauran yaran ba kowa a kansu. Akwai wanda ke kusa da zai iya karɓar daren yau?

Ɗan Jega:
Ina cikin Birnin Kebbi yau. Wane daki ne, kuma me yake iya ci in taho da shi?